Daga bakin rijiya zuwa bakin tasha

Wanda ya hau mota a Gazawa ya nufi yamma, hanyar kwalta ɗaya zai bi. Ita ce babbar hanya mai lamba 1, wadda ta biyo ta Damagaram. Zai ratsa Agye, ya bar Maraɗi a hannun hagu, ya wuce Tibiri, ya sauka Gidan Rumji. Dama da hagu gonaki ne na hatsi da wake da gujjiya da aya, ga gawo tsaye cikinsu. A bakin garuruwa zai ga rijiyoyi, mata na ja da guga, makiyaya na shayar da bisashe a komi.

Ruwan rijiya yana can ƙasa, amma abin da ke tsaron shi yana bisa. Shi ne bakin da aka ɗaga da siminti. In babu shi, ruwan sama ya kwaso kashin dabbobi ya zuba ciki, yaro kuma ya faɗa. Masu ginar rijiya sun san wani abu kuma. Rami in ya yi zurfi, iskar cikinsa tana ɓaci. Shi ya sa mai hankali yake zura fitila tukuna. In ta mutu, ba ya shiga.

Wannan sani na mahaƙa shi ake aiki da shi a manyan biranen duniya, inda jirgin ƙasa ke tafiya cikin rami ƙarƙashin gidaje. An fara shi a Landan, ƙasar Ingila, a 1863. Faris ta yi nata a 1900. A Afirka, Alƙahira ce ta riga kowa, a 1987, har akwai dogon da ya ratsa ƙarƙashin kogin Nilu. Dalili shi ne mutane sun yi yawa, tituna sun cushe, babu filin shimfiɗa dogo a bisa.

To, in jirgi yana ƙasa, tasha ma tana ƙasa, me ya sa ake yin gine-gine a bisa? Na farko dai ƙofa ce. Dole a sami wurin da mutum zai gani daga nesa, ya shiga, ya sayi tikiti, ya sauka. A Landan akwai tashar Hampstead mai zurfin mita 58. Tsoho da mai ciki ba su iya hawan wannan da ƙafa, sai da injin ɗaga mutane, shi ma yana son ɗakinsa.

Amma babbar magana ita ce iska. Jiragen farko na Landan da gawayin kwal suke tafiya. Hayaƙi yakan cika rami, mutane na tari. Sai aka riƙa barin wasu wurare a buɗe don hayaƙi ya fita. A wata unguwa, Leinster Gardens, an rushe gidaje biyu don dogo ya wuce. Don kada unguwar ta yi muni, aka gina bango mai kamar fuskar gida, da ƙofa da tagogi, amma bayansa fanko ne. Yana nan har yau, baƙo ya wuce bai sani ba. Jiragen yanzu da lantarki suke aiki, amma birki da injuna da numfashin dubban mutane suna ɗumama ramin. Saboda haka ake haƙa wasu ramuka miƙe kamar rijiya, a sa manyan fankoki, a rufe bakinsu da gini. Ta nan mugunyar iska ke fita, mai kyau ta shiga.

Ranar gobara, waɗannan ramuka da ƙofofi su ne rai. A 1987 wuta ta tashi a tashar King's Cross ta Landan, mutum 31 suka mutu. Ruwa ma haka. A 2021 ruwan sama ya kwarara cikin ramin jirgi a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, mutum 14 suka rasu. Shi ya sa a garuruwa masu ambaliya ake ɗaga bakin tasha, mutum ya hau matakala kaɗan kafin ya sauka. Duk matar da ta taɓa jan ruwa a Gidan Rumji ta gane wannan ba sai an fassara mata ba.

Jihar Maraɗi ba ta bukatar jirgin rami, fili bai ƙare ba. Jirgin da ake jira a bisa zai bi. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tsofaffi sun san amfanin abin. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma shekaru masu yawa gujjiyar ƙasar nan a kan raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, take zuwa can ta hau jirgi zuwa Ikko.

Sai dai ƙarfe shimfiɗe bai isa ba. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, an gina tasha, amma jigila ba ta kankama a kai ba. Abin da manomi zai duba a tashar Maraɗi shi ne abin da aka gina gefen dogon: mangaza mai rufi don kada ruwa ya taɓa buhun wake, sikeli na gaskiya, shinge da komin ruwa don bisashe masu jiran lodi, da inuwa. Dogon ba zai bi ta Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ba. Buhun aya na Gazawa zai hau amalanke zuwa kasuwa, ya hau mota ya bi hanya mai lamba 1, sannan ya ga jirgi.