Kalmar "tsaro" a bakin matan Diffa

Duk wanda ya fara bincike kan mata da rikici, abin da ake fara miƙa masa shi ne ƙuduri mai lamba 1325, wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 31 ga Oktoba, 2000. Ƙudurin ya nemi a dama da mata wajen sasanta rikici, a kuma kare su daga cin zarafi lokacin yaƙi. Ni ma da shi na fara, cikin Faransanci. Wuyar aikin ta bayyana ne da na zo mayar da tambayoyina Hausa domin tattaunawa da mata a jihar Diffa, inda Barebari suka fi yawa amma Hausa ke haɗa baƙo da ɗan gari.

"Jinsi" ba ta wahalar da ni ba. A takarda take zaune, a baki kuwa "maza da mata" ta wadatar. Wadda ta ci mini tuwo a ƙwarya ita ce "tsaro". A kunnen matan da na zauna da su, tsaro na nufin soja da shinge da dokar hana fita. In na tambaye su yadda yake, sai su ce akwai shi, su yi shiru. In kuwa na ce, "Mama, yaya zaman?" sai zance ya ɓarke.

Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawan babur, an taƙaita cinikin tattasai da bandar kifi, don a toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi. Tattasan nan na bakin kogin Komadugu shi ne rufin asirin gidaje da yawa: mata ke tsinkarsa, su shanya, su samu na cefane. Da aka tsayar da shi, miji ya zauna ba sana'a, ɗa ya ajiye kabu-kabu, nauyin tukunya ya dawo kan uwa. Wannan ne labarin da suke son bayarwa, tun kafin na harbe-harbe.

A ganina, masu tsara manufofi daga nesa sun fi saurin jin mace in ta zo da rauni a jiki. Wadda aka hana kasuwa ba ta cika shiga lissafinsu ba. Takardar tambayoyin da aka ba ni tana da gurbin fyaɗe, da na gudun hijira, da na mutuwar miji. Gurbin tattasai da biro na ƙara shi a gefen shafi.