Kamuna da kamun yaron kanti

 Zan ba ku labarin wata kunya da na sha a kan tabarma, don kada wani ya sha irinta.

Azumin shekarar 2019 ya faɗo a watan Mayu, tsakiyar bazara. Masallacin unguwarmu ƙarami ne, rufin kwano gare shi. In dare ya yi, cikinsa kamar tanda. Sai jama'a suka koma yin sallar asham a fili, bakin ƙofa. Amma tabarmin kaba da muke da su duk sun tsufa. Liman ya ce a yi karo-karo a sayo tabarmar roba, irin doguwar nan da ake naɗewa, ana yanka wa mutum gwargwadon bukatarsa. Kowa ya kawo abin da ya samu. Wata tsohuwa ta kawo dala ashirin, kuɗin ƙuli-ƙulinta. Aka damƙa mini kuɗin, don an ce ni na yi makarantar yaƙi da jahilci, na san lissafi.

Na ɗauko igiyar guga, na shimfiɗa ta a filin daga kudu zuwa arewa, yadda sahu yake tsayawa. Na auna igiyar da hannuna, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa. Ta ba ni kamu 24. Na duba zurfin filin, na ga zai ɗauki sahu 5. Na rubuta a takarda: kamu 24 sau 5, kamu 120. Igiya kuwa na mayar wa matata, tunda da ita ake jan ruwa.

Na shiga mota, muka bi ta Junju har Gaya. Mai kanti ya ce: "Malam, metir nawa kake so?" Na ce ni da kamu na zo, kamu 24 kashi 5. Ya ce ba laifi. Muka yi ciniki muka shirya. Aka kira azahar, na tafi salla, na bar yaronsa yana awo da hannunsa yana yankawa. Da na dawo na tarar an naɗe an ɗaure. Ban kwance ba, na ɗora a mota.

Da muka shimfiɗa a gida, sai kowane sahu ya gaza. Wurin mutum biyu babu tabarma, sahu 5, mutum 10 ke nan a kan ƙasa. Ba wanda ya ce mini kome a gabana. Amma kafin gari ya waye magana ta zaga unguwa, wai na rage tabarma na sa canji aljihu. Tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli ta gamu da ni a hanya, ta ce: "Ɗana, ni dai don Allah na bayar." Kwana biyu ina shan ruwa, abinci ba ya shiga.

Malaminmu na yaƙi da jahilci ne ya fid da ni. Bayan la'asar ya aro metir wurin tela, ya zo gaban liman da dattawa. Ya ce in miƙo hannu. Kamuna santimetir 50 ne, don ni dogo ne. Kamu 24 nawa ya zama metir 12. Ya auna tabarma guda, ta ba shi metir 10 da santimetir 80. Ya raba wannan gida 24 a kan allo, ya sami 45. Ya ce: "Allah gafarta Malam, kamu 24 ya aunar, kamu 24 aka ba shi. Hannun wanda ya yanka ne gajere, santimetir 45. Babu ɓarawo a nan." Liman ya yi dariya ya ce, ashe hannu ma kamar tiya yake, kowace kasuwa da tata.

Sunana ya wanku, amma gyara ya rage. Na sayar da ɗan akuyana, na koma Gaya da kuɗina. Metir 6 suka rage, sai da aka yanka su gida 5, baduku ya ɗinka kowane a bakin sahunsa. Har yau ɗinkin yana nan, kullum ina ganinsa.

Ga abin da na koya, ku riƙe shi.

Na farko, kamu da taki da gaba na jikin mutum ne, kowa da nasa. Metir kuwa guda ne. Santimetir 100 ne a Karakara, haka yake a Gaya, haka a Malanbil ta Benin in ka ƙetare gada, haka a Kamba ta Nijeriya. In ba ka da metir, je wurin tela ko magini. Ka auna igiya, ka yi ƙulli a kan kowane metir. Kuma ka tafi kasuwa da igiyar nan.

Na biyu, ka san faɗin abin da za ka saya kafin ka yi lissafi. Tamu metir 1 da santimetir 20 ce, daidai wurin tsayuwa da sujada. Akwai masu wani faɗin, saboda haka ka tambaya. Zurfin filinmu metir 6 ne, wato santimetir 600. Ka raba 600 da 120, ka sami sahu 5. Sahu 5 sau metir 12, metir 60 ke nan.

Na uku, in don salla ce, ka ja igiya bisa alƙibla, kada ka bi katanga. Katanga tana iya karkacewa. Ka fid da wurin ajiye takalma, da wurin alwala, da gindin itace in akwai. Waɗannan ba a shimfiɗa musu tabarma.

Na huɗu, ka ƙara ɗan rara. Bakin tabarmar roba yana warwarewa in an yanka, dole a lanƙwasa a ɗinke. Rabin metir a kowane sahu ya isa.

Na biyar, ka tsaya a auna a gabanka.

A 2022 mata suka ce su ma suna son tabarma a nasu gefen. Da aka zo neman ɗan aike, na sunkuyar da kai. Liman ya ce: "Kai za ka koma, wanda ya taɓa faɗawa rami ya san inda yake." Na auna da igiya mai ƙulli. Tsawon sahu metir 7, zurfin wuri metir 3 da santimetir 60, sahu 3 ke nan. Na rubuta 7 sau 3, 21. Na ƙara rabin metir sau 3, ya zama metir 22 da rabi. A kanti na kwance igiyata, muka auna tare da yaron, ina riƙe da baki guda. Da aka shimfiɗa, ta kai daga bango zuwa bango.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne in hatsinka ne. In kuɗin jama'a ne a hannunka, ka nemi mudun da kai da mai sayarwa kuka yarda da shi. Yanzu igiyar tana rataye a bayan ƙofar masallaci, ƙulli 12 gare ta. Duk mai bukata ya zo ya ara, amma ya mayar.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.