Kama da Wane Ba Ta Wane

A garejojin Damagaram akwai wata tambaya da ba ta tsufa: shin aksul ɗin baya na wannan mota zai hau kan waccan? Masu sana'ar kan kira shi da sunansa na Faransanci, pont, abokan cinikinsu na Kano kuma su ce aksul. Shi ne ƙarfen da ke karɓar ƙarfin inji daga farfela ya raba wa tayoyin baya, kuma bisa kansa lodi yake zaune. In ya karye tsakanin Zinder da Tanut, ko a hanyar Gure, fasinja da kaya sai su kwana a daji, inda ruwa ya fi kuɗi daraja.

Tambayar ta samo asali ne daga rashi. Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da 504 ta 1968, sun daɗe suna jigilar mutane da gero a ƙasar nan, balle da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Da aka daina ƙera su, sai matacciyar mota ta zama rumbun mai rai. Daga nan aka shiga fataucin tsofaffin kaya, ta Matamai da Daura har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Tsohon makaniki, irin wanda hannunsa ya rine da baƙin mai, ba ya gaggawar amsawa, domin ya san kama da wane ba ta wane. Yawancin 504 na salun kowace tayar baya da nata ƴancin motsi, alhali a-kori-kurarta sandar aksul guda ce bisa sifirin. Tsohuwar 404 kuwa a cikin nata akwai faifan tagulla mai son mai na musamman. A zuba wanda bai dace ba, sannu a hankali ya cinye tagullar. Saboda haka sai ya auna faɗi da igiya, ya ƙirga ramukan noti, ya duba mazaunin sifirin. Sannan ya zo ga uwa uba, wato lissafin haƙora. Idan babban faifai yana da haƙori 37, ƙarami 9, kamar a Land Cruiser da yawa, farfela za ta zagaya sau 4 da ɗan ɗoriya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Ko bai buɗe ba yana iya ganewa: ya ɗaga taya ɗaya, ya sa alli, ya juya ta sau 2, yana ƙirga zagayen farfela. A motar da ke ja gaba da baya, in lissafin aksul biyun ya saɓa, sai su yi ta jayayya har ɗayansu ya fasa giya.

Wannan ƙwaƙwa ba ta talaka kaɗai ba ce. A Amurka, masu riƙon tsofaffin motoci suna nema ruwa a jallo wani aksul na Ford mai faifan inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, kuma awon da suke yi shi ne na Damagaram: faɗi, haƙora, ramukan noti. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu a littattafai, kuma galibi sha'awa ke kai su. A nan abinci ake nema, ilimin kuwa yana cikin ka.

Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai kamata ya raina masu sarrafa ƙarfe ba. Amma har yau yaron gareji ana yi masa kallon wanda boko ya kayar, ko da yake kullum yana aikata rabawar da ɗan makaranta ke haddacewa. Motocin zamani da yawa tayoyin gaba ke jan su, kwamfuta ke faɗin ciwonsu, tsofaffin gwanaye kuma suna ta ƙarewa. Malamin lissafi da zai kai ɗalibansa gareji su ƙirga haƙoran faifai, da ƙungiyar al'adu da za ta zauna da dattawan sana'ar ta rubuta kalmominsu da awonsu cikin Hausa, za su tsere da abin da ba a sayarwa a Ƙofar Ruwa.