Farautar Fakara Ba Tare da Kare Ba

A Ingila da Amurka akwai wata 'yar'uwar fakara mai doguwar wutsiya, asalinta daga Asiya, wadda galibi da horarren kare ake farautarta. Aikin karen biyu ne: ya tashe ta daga ciyawa, in ta faɗi kuma ya ɗauko ta. Mu da muka girma a Aljirif, a bakin Shuɗin Nilu cikin Kartum, ba mu sami wannan gata ba. Gidan haya muke, maƙwabta kuwa ba sa son kare a tsakar gida. Saboda haka ni kaɗai nakan fita, in bi kogin zuwa kudu har gine-gine su ƙare, gama birni ya riga ya cinye gonakin kusa.

Lokacinta shi ne bayan ambaliyar Agusta da Satumba, sa'ad da ruwa ya janye, manoma suka shuka gaɓar kogi. Da asuba fakara takan hau suri ko tudu ta yi ta kuka. Wanda ba shi da kare, kunnensa ne hancinsa. Sai ka tsaya cik, ka riƙe inda kukan ya fito, kada ka nufi wurin kai tsaye.

Mai karatu, fakara ba ta son tashi. Gudu take yi a ƙasa, ta cikin kunyoyi, kana tsammani tana gabanka ashe ta ba ka taki hamsin. Dabarar da kawuna ya koya mini ita ce in bi gefen gona ina tafe ina tsayawa, ina kora ta zuwa inda ciyawa ta ƙare. Tsayawar nan ita ke ruɗa ta: in ta daina jin sawu, sai ta zaci an gan ta, ta tashi fir. Shi kawun nawa yakan ba da labarin maharban ƙasar Hausa masu ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe har su iso nama. Kakanninsa sun biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kamar mutanen Mai Wurno kusa da Sinnar, amma burtun bai iso Aljirif ba, labarinsa kaɗai ya iso.

Wuyar duka tana bayan harbi. Fakarar da aka karya wa fiffike ƙafarta lafiya lau take, nan da nan za ta shige ƙaya ta mutu can, ba kai ba tukunya. A ganina wannan ɓarna ce, ba farauta ba. Shi ya sa ba na harbi sai in ƙarƙashinta fili ne, idona kuma ba ya barin inda ta faɗi har in kai hannu. Sau da yawa na bar uku sun wuce, na koma gida da ɗaya, yara suna dariya.

Yaƙin da ya ɓarke a Kartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya tsai da wannan duka. Sojojin gwamnati sun karɓe birnin a Maris 2025, amma an bar bama-baman da ba su fashe ba warwatse a ƙasa. Tun daga nan ban sāke sa ƙafa cikin ciyawar da ba na ganin ƙarƙashinta ba.