Makunni guda, aiki biyu: yadda bairas ɗin papiloma ke juya ƙwayoyin gadonsa

A shekarar 1933 wani masani a Amurka, Richard Shope, ya binciki zomayen daji masu tsiro a kai kamar ƙaho, ya gano cewa bairas ne ke haddasa tsiron. Daga nan ilimin papiloma ya faro. A yau an san nau'i fiye da 200 a jikin ɗan Adam kaɗai, ga na shanu, na tsuntsaye, har na kifi.

Dukiyar wannan bairas 'yar kaɗan ce: zoben DNA mai haruffa kusan 8,000, da ƙwayoyin gado da ba su kai goma ba. Mai ƙaramin jari kuwa dole ya iya lissafi. Bairas ɗin yana shiga ta can ƙasan fata, ya yi lamo, ba ya ƙera sulkensa sai sel ɗin da yake ciki ya balaga ya hauro sama, inda garkuwar jiki ba ta cika sa ido ba. Tsarin kunnawa da kashewar nan yana damƙe a wani ɗan yanki na zoben da ake kira LCR, kuma furotin ɗin da ke riƙe da makunnin shi ne E2.

A tsakiyar shekarun 1980 masu nazarin BPV1, nau'in da ke kama shanu, sun gano E2 a matsayin mai kunna ƙwayoyin gado, kuma akwai wurare 17 a zoben da yake iya kamawa. Da aka koma kan HPV16 da HPV18, waɗanda Harald zur Hausen ya gano a 1983 da 1984, sai aka tarar da wurare huɗu kacal, wasunsu manne da mafarin karatun E6 da E7. Idan E2 ya zauna a nan, ya tare wa furotin ɗin sel gurbin da za su tsaya su fara karatun, sai aikin ya lafa. Furotin ɗin bai sake sura sosai ba. Mazauninsa ne ya gusa a tsawon miliyoyin shekaru, wannan gushin kuma ya mai da mai kunnawa ya zama birki.

Birkin yana da dalili. E6 yana rusa p53, E7 yana ɗaure pRb, su biyun kuwa su ne masu tsawatar wa sel idan ya so rarrabuwa ba bisa ƙa'ida ba. Bairas yana buƙatar ya sassauta su kaɗan domin ya kwafi kansa. Amma wani lokaci zoben yakan tsinke ya liƙe cikin DNA na mutum, kuma sau da yawa tsinkewar kan lalata E2. Birki ya tafi, E6 da E7 sun samu sarari. Sankara ke nan a hanya. Abin lura, bairas ɗin ma bai ci riba ba, domin zoben da ya tsinke ba ya sake haifar da sabon bairas.

Ko a tsakanin dangi na kusa tsarin ya bambanta. HPV6 da HPV11, masu kawo tsiron fata mara haɗari sosai, suna da mafarin karatu daban ga E6, daban ga E7. Masu haɗarin kuwa mafari ɗaya suke amfani da shi, su yanyanka saƙon su fitar da biyun. Wasu nau'o'in sun yar da E6 gaba ɗaya, na kifin da aka gano kuma ba shi da E6 ko E7, abin da ke nuna cewa makaman sankarar daga baya aka samo su.

HPV16 da HPV18 su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Rigakafin da Nijeriya ta shigar cikin jadawalinta a Oktoban 2023 an gina shi ne a kan L1, furotin ɗin sulke, saboda haka a ƙofa yake tare bairas. Wanda ya riga ya shige ya ɓuya a ƙasan fata ba ya ƙera sulke a can, allurar ba ta ganinsa. Shi ya sa aka ware 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma shi ya sa matan da suka wuce wannan shekarun gwajin bakin mahaifa ne abin dogaronsu.