Zuwa Badun Neman Gurbin Karatun Lafiyar Ƙwaƙwalwa

A intanet ake cika fom ɗin neman digiri na biyu a Jami'ar Ibadan, a nan ake biyan kuɗinsa, a nan ake ɗora takardu. Saboda haka da na ce zan yi tafiya, Hajiya ba ta yi laifi ba da ta tambaye ni: "Ke da kika ce a waya ake komai, me zai kai ki Badun?" Na ce mata kwas biyu ne a gabana, kuma sunayensu a takarda ba su nuna mini wanda ya dace da matsalata ba. Ɗaya yana tsangayar ilimi, inda ake horar da masu ba ɗalibai shawara. Ɗayan yana ɓangaren likitanci, a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. Kuɗin fom ba ya dawowa, shekara kuwa in ta wuce ta wuce. Ta ce to, amma autanmu zai raka ni, kuma gidan Kawu zan sauka a Sabo.

Ga matsalar tawa. Ina koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ni aka damƙa wa ofishin ba da shawara. Da rana aikin bai wuce taya 'yan ajin ƙarshe zaɓen kwas a fom ɗin JAMB da raba faɗan ɗakin kwana ba. Da dare ake buga mini ƙofa. Yarinya ta faɗi tana ihu, muryarta ta sauya, manyan ɗalibai sun taru sun kasa danne ta. Kafin a jima wata ta faɗi, wata ta bi. A kira malam, a yi ruƙiyya, a tofa a ruwa, a turara hayaƙi, gari ya waye a kira iyaye. Yawancinsu su ware su koma aji. Amma cikin waɗanda suka faɗi a dare guda, daga baya sai a tarar wata farfaɗiya ce da ita tun tana firamare, wata an sa mata rana da wanda ba ta so, wata kuwa tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ƙara barcin kirki ba, ta daina cin abinci, daga ta ɗaya a aji ta gangaro kusa da ta ƙarshe. Suna ɗaya muke ba su duka, magani ɗaya muke yi musu. Ban fito neman ilimin ƙaryata malam ba, ni ma in raina ya ƙuntata addu'a nake fara kamawa. Abin da nake so in iya shi ne rarrabewa: wacce sauraro zai ishe ta, wacce sai an zauna da iyayenta, wacce kuma bai kamata a kwana ba a kai ta asibiti ba.

Da asuba muka shiga Homa a Kano. Hanyar da iyayenmu suka sani zuwa ƙasar Yarabawa ita ce ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jabba a faɗa Ilori. Direbanmu ko sunanta bai so a ambata ba, saboda 'yan bindiga. Muka zagaya ta Zuba da Gwagwalada da Abaji, muka haye kogin Kwara a gadar Murtala, la'asar ta riske mu a Lakwaja, inda mata ke turo tiren busasshen kifi ta taga tun mota ba ta gama tsayawa ba.

Kusa da ƙanena wani dattijo ne mai kai albasa kasuwar Shasha. Tun a Zariya ya tambaya: "Malama, karatun me za a je nema har Badun?" Da na yi masa bayani sai ya ce, "Au, likitar mahaukata!" Mota ta ɗauki dariya, na ƙyale shi. Sai bayan mun wuce kwanonin Okene, duhu ya shiga, rabin fasinjoji sun yi barci, ya sunkuyo ya rage murya: "'Yata, karatun nan naku ya shafi masu shaye-shaye?" Ɗansa ne na fari. Da kodin ya soma. Da gwamnati ta hana maganin tarin a 2018, bayan rahoton nan na BBC, sai ya koma tiramol. Ya kai shi gidan mari, yaron ya yi wata da watanni, ya dawo da tabon sarƙa a idon sawu, kuma bai daɗe ba ya koma ruwa. "Na san babu daɗi," in ji shi, "amma ina zan kai shi?"

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, wasu a ɗaure. Aka yi ta Allah wadai, aka rufe gidaje a Daura da wasu garuruwa, amma uban da ya kai ɗansa can da hannunsa ba wanda ya nuna masa wata ƙofar. Na lissafa masa asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, ƙanena ya rubuta masa a waya. Iyakar abin da digirina na farko ya ba ni ke nan, kwatancen hanya.

Cikin dare muka sauka Iwo Road, wata 'yar ƙaramar tasi ta kai mu Sabo. Tun 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa, zamanin da goro ke hawa arewa shanu ke gangarowa kudu. Yanzu canjin kuɗi ne da tsire. Kawu a nan aka haife shi, 'ya'yansa su fara magana da Hausa su ƙarasa da Yarabanci.

Washegari na fara da babbar harabar jami'ar, wadda aka kafa a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Na wuce hasumiyar agogon Trenchard na nemi tsangayar ilimi, na zauna da wasu ɗaliban digiri na biyu a gindin bishiya. Karatunsu mai kyau ne: gwajin basira, zaɓen sana'a, halayyar matasa, shawarar ma'aurata, da aikin gwaji a makarantu. Shi ne ci gaban digirina kai tsaye, shi ne kuma zai fi saurin kawo mini ƙarin girma, balle tun 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa masu wannan sana'a rajista. Da na kwatanta musu daren da 'yan mata ke faɗuwa, ɗaya ta ce, "Ai irin wannan asibiti ake turawa." Gaskiya ta faɗa. Sai dai ni tambayata ita ce wacce daga cikinsu.

Daga nan na hau tasi zuwa asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, inda kwalejin likitanci take. Cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2013 da tallafin gidauniyar MacArthur ta Amurka. Wadda ta assasa ta ita ce Farfesa Olayinka Omigbodun, 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta duniya, daga 2010 zuwa 2014, kuma mace ta farko da ta shugabanci kwalejin a 2020. Abin da ya ja ni shi ne a aji ɗaya ake haɗa likita da nas da masanin halayyar ɗan'adam da ma'aikacin jin daɗin jama'a da sauran masu aiki da yara, har daga Gana da Saliyo da Laberiya. Dalilin a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, na yara kuwa ba a magana. Ga Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma rabin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. In za a jira likita ya ga kowace yarinya, sai ta yi jika ba a zo kanta ba.

A wajen cin abinci na samu abin da ya biya mini kuɗin mota. Wata nas da ta taɓa yin irin wannan horo ta ga ina ta juya amala da miyar ewedu na rasa ta inda zan kama, ta yi dariya ta matso. Ta ce mini lakca ba ita ce karatun ba. Karatun shi ne ka zauna a ɗakin duba marasa lafiya kana kallon babba yana ɗaukar tarihin yaro, sannan a juya kai ka ɗauka shi yana kallonka, a fito a warware maka duk inda ka yi gaggawa, duk inda ka sa wa yaro magana a baki. Na ba ta labarin ɗalibaina, sai ta fara jero tambayoyi. Wa ya ga faɗuwar? Ta taɓa faɗuwa ita kaɗai, ko cikin barci, ko kullum sai a gaban jama'a? Ta ciji gefen harshenta? Ta ji ciwo? Idonta a buɗe yake ko ta runtse shi gam? Minti nawa abin ya ɗauka, kuma da ta farfaɗo ta san inda take? Ta ce babu alama ɗaya da ke yanke hukunci, hukuncin na likita ne, amma malamar da ta rubuta amsoshin nan ta rage wa likita rabin aiki. Ita kuwa wadda ta daina ci da barci har sama da sati biyu, ta bar duk abin da take so a da, dole a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin halaka kanta. Mu malamai wannan tambaya muke gudu, wai kada mu koya mata. Ta ce bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa.

Sannan ta juyo kaina: "In kin gama kin koma Kano, wa zai riƙa duba aikinki? In kin gano wadda ke buƙatar likita, wa zai shawo kan babanta?"

Tambayar ta biyu ce ta sa na ƙara kwana don in je Abekuta. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, wanda aka ƙaddamar a 2021, daga Moniya yake tashi, can bayan gari, ya ajiye ka a tashar da aka sa wa sunan Wole Soyinka. Daga nan tasi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Aro. A 1954 Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abekuta, ya dawo daga Ingila bayan horo a asibitin Maudsley na Landan. A lokacin dokar mulkin mallaka ta 1916 ce ke aiki, wadda aka sabunta a 1958, kuma ba ta san komai game da mai taɓin hankali ba sai a kulle shi. Ba a maye gurbinta ba sai a Janairun 2023, da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Lambo bai jira doka ba. Ya shirya da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, aka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutane ana biyan haya, kowa da ɗan'uwansa, uwa ko inna ko yaya, mai yi masa girki da wanki. Da safe a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a, a je kasuwa, a je wurin ibada. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, abin da likitoci da yawa na zamaninsa ba su so ba. A 1961 a nan aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya har 1988.

Yau gari ya cinye ƙauyen, babban asibiti ne na tarayya da geti da layin karɓar kati. Na zauna a benci ina kallo. Da wuya ka ga marar lafiya shi kaɗai. Wata tsohuwa tana riƙe da kati da kular abinci a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana gyara wa ƙaton ɗanta mai gemu maɓallin riga, tana yi masa faɗa da Yarabanci, shi kuwa ya miƙa wuya.

A ganina abin da Lambo ya gane shi ne ba marar lafiya ke zaɓen inda za a kai shi ba, dangi ne, kuma ba asibiti suke fara zuwa ba. A makarantarmu malam yana riga ni isa ɗakin kwana, kuma maganarsa iyaye ke ji. In na dawo da digiri ina yi masa kallon raini, uba zai ɗauke 'yarsa, ba zan sake jin labarinta ba. In kuwa shi ne ya ce, "Alhaji, mun yi namu, a haɗa da asibiti," gobe da safe za a kai ta. Tofi ba ya hana shan maganin farfaɗiya. Inda ba zan sassauta ba shi ne bulala, da ɗauri, da cewa a ajiye ƙwayar likita wai tana fusata aljani. Ban ce zama da malamai zai yi sauƙi ba, akwai waɗanda abincinsu ke nan. Amma akwai masu tsoron Allah da yawa da su ma sun gaji da ganin yarinya ɗaya ana kawo musu ita kowane zango.

Da muka dawo Badun na shiga wani shagon kwamfuta a Agbowo, daura da getin jami'a, na cika fom ɗin cibiyar. Na ɗora sakamakon sakandare, da shaidar digiri, da takardar gama bautar ƙasa, na rubuta cewa binciken da nake so in yi a kan faɗuwar ɗalibai a makarantun kwana ne, da yadda malaman makaranta da masu ruƙiyya za su san lokacin tura yarinya asibiti. Saura wasiƙun waɗanda za su tsaya mini, da cikakken sakamakona daga tsohuwar jami'ata, wanda fayil ɗinsa ke hutawa a kan wani tebur tun kafin azumi, sai kuma takardar izinin tafiya ƙaro karatu daga wurin aiki.

Kawu bai tsaya jiran duk wannan ba. Da dare, muna cin tuwo, ya sa matarsa ta kwashe buhunan da ke ɗakin baya, ya ce in an ɗauke ni nan ne masaukina. Na tambayi kuɗin haya. Ya ce ba ya karɓar kuɗin 'yarsa, amma duk Asabar zan riƙa zama da samarin layinsu, ya kuma fara lissafa mini gidajen da zan soma da su, daga na maƙwabcinsa mai shayi.