Inda Kwalta Ta Ƙare

'Yan uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, duk wanda ya saba karanta littattafan da muke fitarwa ya san mota ba baƙuwa ba ce a cikinsu. Da wuya ka buɗe labarin soyayya ka kai shafi na goma ba ka ci karo da Marsandi ta tsaya a ƙofar gidan su yarinya ba, an zuge gilashi, sanyi da ƙamshin turare sun bugo waje. Mun iya kwatanta launinta da laushin kujerunta, har da irin kiɗan da ke tashi a ciki. Amma akwai wata mota da har yau ba mu ga alƙalami ya kula ta ba, ita ce wadda aikinta ke farawa daga inda kwalta ta ƙare, wato motar da ake aikawa ƙauye cikin dare ta ɗauko mai naƙuda, ko wanda kububuwa ta sara a gona, ko mutanen da ruwa ya ci garinsu. Ita wannan mota sau ɗaya ake ɗaukar hotonta a rayuwarta, ranar da aka ɗaura mata ƙyalle aka miƙa makulli ana tafi. Daga nan kuma sai ta koma hannun mutum biyu waɗanda ba a gayyatar su bisa mumbari, direba da bakanike.

Mu dai ba direbobi ba ne, alli muka sani. Sai dai makarantar da muke koyarwa katanga ɗaya ce ta raba ta da wani asibitin karkara, kuma daga tagar ɗakin malamai muna hangen motar asibitin, Land Cruiser ce fara, a gindin darbejiya. Direbanta dattijo ne wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin ya dawo gida, ba shi da yawan magana, amma idan ka same shi da tambaya a kan mota to ka taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Yawancin abin da za mu faɗa a nan daga bakinsa muka fara ji, sannan muka bi littattafai muka tarar haka abin yake.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, abin da ya sa irin wannan mota ta iya shiga daji shi ne kuma yake kayar da ita. An yi ta da tsawo domin cikinta ya tsallake kututture da dutse da kunyar gona, to amma duk abin da ya yi tsawo nauyinsa yana sama, kamar mai ɗauke da tulu a ka. Ɗalibanmu na ajin kimiyya sun san wannan da sunan cibiyar nauyi, suna kuma rubuta shi a jarrabawa su ci maki, ba tare da sun taɓa tunanin cewa ran wata mata ya rataya a kansa ba. Ƙaramar mota idan ta sha kwana da gudu sai ta zame, ita kuwa doguwa sai ta kife. Don haka ne direban kirki ba ya ratsa gangara a karkace, miƙe yake hawa, miƙe yake sauka, kuma idan zai gangara sai ya sa ƙaramar giya ya bar inji ya riƙe motar, ba ya taka kuloci, balle ya saki giya don tattalin mai kamar yadda wasu direbobin haya ke yi. Don haka ne kuma yake faɗa da masu son loda kaya a kan rufi. Jiniya kuwa mutane take kora daga hanya, ba ta korar rami ko gargada.

A ƙasashe irin su Amurka, ma'aikatan kashe gobara da masu ceto suna da wasu 'yan ƙananan motoci marasa gilashi, masu kejin ƙarfe a sama da gadon majinyaci a baya, irin su Polaris Ranger da Kawasaki Mule, waɗanda ke kutsawa inda babbar mota ba ta iya shiga. Dokarsu ta farko ita ce a ɗaura bel, kada kuma wanda ke ciki ya fitar da hannu ko ƙafa idan ta tashi kifewa, domin kejin ne zai kare shi, hannunsa ba zai tare ƙasa ba. A can ɗin ne kuma, a shekarar 1988, aka dakatar da sayar da sababbin babura masu ƙafa uku na shiga daji saboda yawan kifewa da kisan da suke yi. Mun kawo wannan ne domin jihohinmu da dama sun raba kekuna masu ƙafa uku a matsayin motar asibiti ta ƙauye. Ba mu ce ba su da amfani ba, ko banza sun fi amalanken shanu sauri, amma wanda aka ba irin wannan keke ba a koya masa yadda ake shan kwana da ita a turbar gona ba, an ba shi wuƙa ne ba kube.

Sai maganar rairayi, wanda shi ne jarrabawar rani. Wanda bai sani ba idan ya ji mota ta fara nutsewa sai ya ƙara taka totur, tayoyi su yi ta haƙa wa kansu kabari har cikin motar ya zauna a ƙasa. Wanda ya sani kuwa tun kafin ya shiga yake tsayawa, ya sauka ya murɗa makullan da ke cibiyar tayoyin gaba idan motarsa mai irin wannan ce, ya sa fowil, sannan ya rage iskar tayoyin har kusan rabi domin su baje su taka rairayin kamar tafin raƙumi. Sai ya tafi da gudu madaidaici, ba tsayawa, ba murɗa sitiyari da ƙarfi, don taya mai ƙarancin iska tana iya ficewa daga ƙarfenta. Da ya fita kuma wajibi ne ya mayar da iskar, ya cire fowil kafin ya hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe, ko haƙoran giya su ci juna. Ke nan famfon iska da geji da shebur da faffaɗan katakon da za a ɗora jak a kai ba kayan ado ba ne, kodayake su ne suke fara yin ƙafa daga cikin mota.

Amma babbar jarrabawa ita ce ta damina, kuma a nan ne muke so mai karatu ya dakata. Rafin da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar yana iya zama gulbi, saboda ruwan da aka yi a wani gari can sama wanda kai ko hadarinsa ba ka gani ba. Masana sun auna cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, wanda ya kai 60 kuwa yana iya tafiya da babbar jif, domin mota akwati ce mai iska a ciki, da ruwa ya tallafe ta tayoyin sun daina riƙe ƙasa. Saboda haka ƙa'idar dattijon nan ita ce, ruwan da mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa yana dogara sanda ba, mota ma ba za ta ratsa ba. Shi da kansa yake naɗe wando ya shiga, ya ji inda ƙasa take da tauri, ya ji inda ruwa ya zaizaye bakin kwalbati. Idan ya ga za a iya, sai ya shiga da ƙaramar giya, a hankali, ba canjin giya a tsakiya. Idan kuwa inji ya mutu a cikin ruwa ba ya sake tayar da shi, domin inji iska yake matsawa, ruwa kuma ba ya matsuwa, da ya shaƙe shi sai ƙarafan ciki su lanƙwashe. Bututun nan da ake ɗagawa har saman rufi yana hana inji shan ruwa, amma ba ya hana ruwa tafiya da mota. Bayan an fita kuma akwai sauran aiki, sai a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan ana tafiya har ya bushe, washegari kuma a kwance a duba man aksul, idan ya koma fari-fari kamar koko to ruwa ya shiga, sai an juye.

Mu tsaya mu dubi halin da mutumin nan yake shiga a bakin irin wannan rafi. Dare ne, a bayansa mace ce jini na zuba, mijinta yana roƙonsa don Allah don Annabi ya shiga, uwarta tana kuka, wani ɗan rakiya kuma yana cewa ai jiya ma wata mota ta wuce. Idan ya shiga ruwa ya tafi da su, rai bakwai ne maimakon ɗaya. Idan ya juya ya bi ta zagaye matar ta cika a hanya, har ya mutu ana nuna shi da baki a garin. Mu da muke neman abin da za mu gina labari a kansa har muna aron rikicin finafinan Indiya, ga rikici nan a ƙofar gidanmu, wanda babu mugu a cikinsa, kowa yana da gaskiyarsa. Wanda ya ga ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta kuma yanke hanyoyi a ƙasar Haɗeja, ko ya ga yadda Maiduguri ta kasance bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, inda sai da manyan motocin soja da kwale-kwale aka riƙa kwashe jama'a, ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Idan mota ta kafe a taɓo, taimakon jama'a ma yana da nasa haɗarin. Igiyar ja idan ta tsinke bulala ce mai iya karya ƙashi, don haka a ƙugiyar da aka tanada ake ɗaura ta, ba a bamba ba, a yafa mata buhu ko bargo a tsakiya, a kuma kori yara nesa. Cikin motar ma haka, majinyaci a ɗaure da bel a kan gado, gadon a kulle da daɓen mota, tukunyar iskar numfashi a ɗaure, mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. 'Yan rakiya kuwa, al'adarmu ce mai kyau, amma mutum biyu sun isa.

Duk wannan kuwa sai motar ta tashi tukuna. Kullum da safe, tun kafin mu kaɗa ƙararrawar taron ɗalibai, muna ganin dattijon nan ya ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake dubawa, ya leƙa ruwan lagireto da man birki, ya taɓa fanbel, ya girgiza kan batir, ya zagaya tayoyi har da safaya, sannan ya durƙusa ya dubi ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Lokacin hunturu kusan kowane mako sai ya kakkaɓe matatar iska saboda ƙura. Shi ne ya nuna mana lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ko ba a kira shi ba yakan tayar da motar ya ɗan zaga da ita, domin motar da ke zaune ta fi mai tafiya saurin lalacewa.

Abin takaici shi ne, wannan duba na safe ba ya cin kuɗi, amma abin da ya gano yana ci, kuma a nan ne ake samun matsala. Wanda ya sayi mota ya sami suna, wanda ya sayi baƙin mai ba wanda ya san ya yi. Shi ya sa za ka zaga asibitocin karkara ka tarar da motoci a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, alhali abin da ya kwantar da su tun farko bai wuce batir ko taya biyu ba. Wasu kuma lafiyarsu ƙalau, sai dai ranar da ake nemansu sun tafi kai amarya ko ɗauko takin wani babba. Ba mamaki da a jihohi irin su Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe aka koma ga direbobin haya na ƙungiyar NURTW, aka horar da masu sa kai daga cikinsu su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti, domin shi direban haya motarsa ce abincinsa, ba ya barin ta ta kwanta.

Mu marubuta ma ai muna da tabo a wannan fage. Chinua Achebe, wanda ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1981, haɗarin mota ne a watan Maris na 1990 ya zaunar da shi a keken guragu har ƙarshen rayuwarsa a 2013. Wole Soyinka kuwa shi ne shugaban farko na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988. Ashe dai alƙalami da sitiyari ba su yi nisa da juna ba kamar yadda muke zato. Littafin da ke zuwa a aljihun irin wannan mota da Turanci yake, wani lokaci ma da Faransanci ko Larabci, direban da zai yi aiki da shi kuwa Hausa yake karantawa, da boko ko da ajami. Ɗan littafi mai shafi 30, da zane, da kalmomin da bakanike yake faɗa a gareji ba waɗanda muka ƙirƙira a ofis ba, aiki ne da mutum uku daga cikinmu za su iya gamawa a hutun zango ɗaya, in dai za su yarda su zauna a kan benci su saurari masu baƙin mai a hannu.

Akwai ma abubuwan da littafin kamfani bai sani ba, sai a bakin irin su dattijon nan. Da ya dawo daga kowace tafiya sai ya cika tanki kafin ya kwanta, ya juya motar ta fuskanci ƙofa don kada a yi ta neman ribas cikin duhu. Idan kuma watan Agusta ya kama, yakan bi ƙauyukan da ke hayin rafi ya yi magana da masu unguwanni da ungozoma, a san matan da watansu ya tsaya, a lallashi mazajensu su bar su su ƙetaro wajen dangi a wannan gefen tun rafin bai kawo ba.